Ƙafata a Motar Yahuza

Ni Mahamudu, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Malbaza, na haura shekara hamsin ban taɓa riƙe sitiyari ba. Amma akwai lokacin da nake da ƙafa ɗaya a motar da ta fi kowace mota gudu tsakanin Konni da Tawa. Ƙafar gaba ce, ta hagu, wadda take ƙarƙashin direba. Ban saya ba, gado na ci.

Motar ta ƙanena ce, Yahuza. Sana'arsa ɗauko motoci daga Kwatano yana kawowa Konni, masu saye su tsallako daga Najeriya su karɓa. Wannan kuwa da ya kawo ta, ja wur, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta yana neman shafar ƙasa kamar na ƙadangare, sai ya ce ba ta sayarwa ba ce. Ya aje ta gidana, don ni ke da fili da inuwar dogon yaro. Ranar hutu yakan zo da ɗiyarsa Hanifa, ita kaɗai Allah ya ba shi, su fita kan kwalta yana koya mata tuƙi. Ni kuwa in tsaya bakin ƙofa ina yi musu addu'ar da ba su roƙa ba.

Ba cikin wannan motar ya mutu ba. Wata ce daban ya ɗauko, tayar gaba ta fashe masa bayan Dogon Dutsi da tsakar rana. Ni na je na ɗauko shi, ni na yi masa wanka. Abin da na gani ranar ban faɗa wa kowa ba, kuma ba zan fara yanzu ba.

Da matarsa Ummulkhairi ta fita takaba, muka taru a Tajaye, gidan mahaifiyarmu Inna, don rabon gado. Liman ya faɗi rabon kowa: ɗiya rabi, uwa da mata nasu kason, abin da ya rage na ɗan'uwa. Gona ta rabu, awaki suka rabu. Da aka zo kan mota, Hanifa ta ce ita dai kada a sayar. Sai Kawu Bawa, ƙanen Inna, wanda ya tsufa a bayan shanu, ya gyara zama.

"Mi aka yi da saniya in ta ƙi rabuwa?" in ji shi. "Ai ƙafa-ƙafa aka raba ta."

Haka ake yi a wajenmu. Saniyar da mutane suka yi tarayya a kanta, kowa yana da ƙafarsa. Ba a yanka ta, ba a kai ta kasuwa, sai duk masu ƙafa sun yarda, kuma kowa shi ke ɗaukar nauyin tasa. Aka ba Hanifa ƙafafun baya biyu. Ta gaba ta dama, Inna da Ummulkhairi. Ta hagu tawa. Liman ya ce bai cika daidai ba, amma in an yafe wa juna ya yi. Kowa ya yafe. Har dariya na yi, ita ce ta farko tun rasuwar.

Damina biyu motar na zaune gidana. Rana ta tsattsage tayoyin kamar diddigen manomi, muka cire su, muka ɗora ta kan bulon siminti, abin da ba ya wuyar samu a Malbaza, garin da ake yin siminti. A tsakanin nan Hanifa ta gama karatu, aka tura ta likitar Illela, wato asibiti, tana aikin ungozoma. Duk Juma'a da yamma sai ta sauka Konni wurin uwarta, wani lokaci a motar 'yan kasuwa, wani lokaci a bayan babur ɗin kabu-kabu.

Wata Asabar ta zo gidana, ta ɗan rusuna ta gaishe ni, ta gaida matata Hajara, sannan ta je ta yaye tamfol ɗin da ke kan motar.

"Baffa, ina son in tada ta."

"Tana barcinta lafiya. Mi ta yi miki?"

"Injin lafiya lau yake, na sa an duba. Taya ce kawai babu." Ta tsuguna tana nuna mini da hannu. "Ba kowace taya take ci ba. Ta kwalta take so, mai faɗi, gajeren gefe. Baba ya ce in dai ba za su zama iri ɗaya duka ba, to na gaba biyun dole su zama tagwaye. Kuma sabuwa, ba 'yar Beljik da ta gama tsufa a ƙasar Turawa ba."

Da ta ce "Baba ya ce", muryarsa na ji. Na dubi ƙafar gaba ta hagu, inda bulo yake, na ga bakin hanyar Dogon Dutsi.

"Na baya naki ne, ki sa abin da kika ga dama," na ce. "Wagga kuwa tawa ce. Ni zan zaɓa mata takalmi da kaina."

"To, Baffa. Na gode."

Godiyar nan ta dame ni, don na riga na gama shawara. Mota ba ta tafiya da ƙafa uku. In ban sayi tawa ba, Hanifa ba za ta taɓa zama bayan wannan sitiyari ba, kuma ba wanda zai ce na hana ta. Na ji daɗin dabarar nan ƙwarai. Mutum irina, wanda bai iya cewa a'a ba, in ya samu hanyar ƙi ba tare da ya buɗe baki ba, ji yake kamar ya ci zaɓe.

Don kada a ce ban motsa ba, na hau tsohon babur ɗina na tafi Konni wurin Mato mai taya, bayan tasha. Tare muka yi lakwal da shi, ya gudu tun muna aji huɗu, yau ga shi da rumfa uku da tumbi. Na karanta masa lambar da Hanifa ta faɗa mini, ina fatan ya ce sai an aika Legas. Ya shiga ciki, ya fito yana garo wata baƙa ƙirin, tana ƙyalli, gashin robar ma bai kakkaɓe ba.

"Ga ta. Irin wadda ɗiyarku ta ɗauka jiya guda biyu. Biyu sunka rage."

Na zagaya ta, na ƙwanƙwasa, na sa ido ɗaya na leƙa cikinta kamar mai duba rijiya.

"Zanen bai yi mini ba."

"Zane?"

"Ya cika karkata."

Mato ya dube ni, ya sa aka kawo shayi. Na dawo gida na ce ba a dace ba tukuna. Bayan mako biyu na koma, ya sake garo ta, na ce gefen ya yi gajarta, ƙaramin rami zai cinye ta. Ya ce haka aka halicce ta. Zuwa na uku ko tashi bai yi ba.

"Malam, taya kake nema ko mata? Ko lokacin Hajara ba ka yi wanga bincike ba."

Ana cikin haka labari ya kai Tajaye cewa Hanifa ta sa ƙafafunta biyu. Inna ta ce ba za a ce ita ce ta gaza ba. Ta tura Kawu Bawa kasuwar Illela, ya zaɓo da idon makiyayi: wata ƙatuwa mai kauri, mai zurfin zane, irin ta motocin da ke shiga daji. Ya kawo ta Malbaza da kansa, yana shafa ta kamar bijimin layya.

"Wagga ko ƙayar aduwa ta gan ta sai ta kauce. In Hanifa za ta zo gaida kakarta, ba ta tsoron hanyar Tajaye."

Mai faci ya yi gumi kafin ta zauna. Da aka ɗaura, tsakaninta da ƙarfen jikin motar da ƙyar yatsa ke shiga, motar ta ɗaga kafaɗa ɗaya kamar mai jin haushi. Hanifa ta tsaya tana kallo. Ba ta da bakin ce wa kakarta kyautarki ba ta yi ba, sai ta juyo ta dube ni, don ni ne babba, ni ne mai tagwayen ƙafar. Na fahimci kallon sarai.

"Kawu, ka iya zaɓe," na ce. "Ni ma irinta zan nema."

Makonni suka wuce. Wata Asabar Hanifa ta zo da bandeji a gwiwar hannu, tana ɗan ɗingishi. Mai kabu-kabun da ya ɗauko ta ne ya kauce wa motar siminti kusa da Tsarnawa, suka zube a tsakuwa. Hajara ta yi ta sannu. Ni ma na yi, na ƙara da faɗa a kan 'yan kabu-kabu da iyayensu.

"Baffa," ta ce, ba ta ɗaga murya ba, "hanyar nan ina bin ta, da mota ko babu. Abin da kake zaɓa kawai shi ne wa ke riƙe da ni a kanta."

Maganar ta shige ni. Amma malamin lakwal ba ya rasa amsa, ko da ba ta dace ba.

"Sauri ya haifi nawa, ɗiyata."

"Nawa ma tana haihuwa, Baffa. Ni ungozoma ce."

Daga ranar gaisuwarta ta canja. Tana durƙusawa har ƙasa, tana tambayar aiki da gajiya, ba ta tsallake ko ɗaya. Sai dai ta daina zolayata a kan babur ɗina, ta daina cin tuwo a gidan. Yarinyar da na yi wa huɗuba a kunne ta koma gaishe ni kamar sufeto ya zo lakwal. Na ce wa kaina ba komi, gara ta yi fushi tana numfashi.

Ran wata Litinin na dawo daga aji wajen azahar, na tarar da inuwar dogon yaro babu kowa. Tamfol a naɗe, bulo ɗaya a tsaye, kaji suna tono inda motar take.

"Ta zo da mai faci," in ji Hajara. "Sun sa 'yar ƙaramar nan ta cikin but, ta ko-ta-kwana. Ta ce Illela za ta, tana da aikin yamma."

"Kuma kika bar ta?"

"Ni ina da ƙafa ne?"

Taya iri uku a mota ɗaya: biyu na kwalta a baya, ta daji a dama, a hagu kuma wata siririya kamar ta amalanke. Ko ni da ban san komi ba, na san wannan ba tafiya ba ce. Na tada babur. Ban taɓa sanin yana da gudu haka ba, shi ma ina jin bai sani ba. Motocin siminti suna wuce ni suna jijjiga ni da iska, ina ta karanto duk abin da ya zo bakina, har da addu'ar shiga kasuwa.

Na karya kwana a Tsarnawa na ɗauki hanyar Tawa. Ban yi nisa ba na hango mutane tsaitsaye a wata kwana, da jaki, da wata mai tallan nono ta aje ƙwaryarta a ƙasa. Can cikin gona, tsakanin karan hatsin da aka girbe, ga jan abu.

Ban san yadda na sauka ba. Na dai san babur ya faɗi ban waiwaye shi ba, kuma ni ma na faɗi a tsakiyar kunya-kunyan gonar, sai da wani dattijo ya ɗaga ni. Idona yana neman abin da aka rufe da zane.

Hanifa tana zaune a ƙasa, ta jingina da ƙofar motar, ta danne goshinta da gefen gyale. Jini kaɗan ne. Ƙatuwar tayar Inna ta yage kamar tsumma. Da ta karya kwana ƙarfen jikin motar ya kama ta ya yanke, 'yar siririyar kuwa ta kasa riƙe hanya, motar ta sulale gona. Allah ya sa ba gudu take ba, kuma babu motar siminti a bayanta.

Na tsuguna gabanta. Na shirya faɗa tun daga Malbaza, na neme shi na rasa.

"Kada ka damu, Baffa," ta ce. "Ta Inna ce ta fashe. Ƙafarka ba ta yi komi ba."

"Hanifa."

"Da ka sayo taka, da na samu bakin ce wa Inna a yi musu tagwaye. Kai ɗai nika jira." Ta cire gyalen ta duba, ta mayar. "Mato ya faɗa mini tun zuwanka na farko. Wai zane."

Mai nonon ta miƙo mata ludayi, ta karɓa ta sha. Ni ba wanda ya miƙo wa komi, kuma daidai ne.

"Ni na yi masa wanka," na ce. Ban yi niyyar faɗa ba.

"Na sani. Ni kuma ya koya wa tuƙi. Kowa da abin da ya bar masa."

Aka samu shanun amalanke suka jawo motar zuwa bakin hanya. Ban da ƙarfen da ya lanƙwashe da fitila ɗaya, ba abin da ya same ta.

Washegari na nemi izini a lakwal na tafi Tajaye. Ummulkhairi tun a waya ta ce ita ta bar wa ɗiyarta rabin ƙafarta tun ranar rabo, ba wanda ya tambaye ta ne. Saura Inna. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar wake. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana.

"Kai wanga, an ce ka faɗi cikin gonar mutane."

"Gwiwa ce, Inna."

"Ita fa?"

"Ta koma aiki da filasta a goshi."

Ta ci gaba da ɓara. Na ce mata na zo roƙo ne. Mota ba saniya ba ce, saniya ko ƙafafunta na mutum huɗu ne, uwa ɗaya ta haife su. Wannan kuwa in kowa ya sa tasa, kowace ƙafa gabanta take ja. Na ce ni na bar wa Hanifa tawa, ina roƙon ta bar mata tata.

"Ka bar mata, bayan ka riƙe ta har ta kusa kashe ta."

"Haka ne."

"Ni aƙalla na saya." Ta watsa ɓawon wake gefe, awaki suka taso. "Gona an raba, an nome, ba ta san shi ba. Awakinshi sun haihu sun mance. Wagga ƙafa ita ɗai ta rage da sunana da nashi wuri guda. Ita kake so in ba da."

A karo na farko a rayuwata karin magana ta zo mini na haɗiye ta.

Ta ture ƙwaryar waken gefe. Sannan ta ce, "Tsohuwar tayar fa? Wadda ke wurin da can, da ya taka ƙasa da ita?"

"Tana gidana, bayan ɗaki. Kaza na ƙwai a ciki."

"Kori kazar. Ka kawo mini ita. Ƙafar kuwa ta ɗauka, Allah shi tsare."

Na kai mata a bayan babur, tsattsagaggiya, da kashin kaji. Ta sa aka wanke, aka shigar mata ɗaki. Ban tambayi abin da take yi da ita ba.

Asabar muka je wurin Mato ni da Hanifa, inda aka riga aka kai motar. Ya garo biyun nan, har sun yi ƙura don jira. Ta tsuguna ta goge gefen kowace, ta nemo inda aka buga shekarar da aka yi ta, ta gwada da ta ɗayar. Ta danna da babban yatsa, ta bi cikin da tafin hannu tana neman faci, ta duba kibiyar da ke nuna wajen da za ta juya. Haka Yahuza yake yi, har da ɗan cije leɓen.

"Malam, yau zanen ya yi maka?" in ji Mato.

"Bai yi ba. A ɗaura."

Ita ta mai da ni Malbaza. Zaman motar kamar mutum yana zaune a tabarma ana jan ta. Duk tafiyar ƙafata ta dama tana taka wani birki da babu shi. Hanifa ba ta yi gudu ba, ta bar motocin siminti suna wuce ta, hannu biyu a sitiyari, motar kuwa ta kama kwalta kamar an ɗinke su. Na so in ce hankalina ya kwanta. Na duba, bai kwanta ba.

Yanzu ba ni da ƙafa a motar kowa. Hanyarta daga Illela zuwa Konni ba ta biyowa ta Malbaza, a Tsarnawa take karyawa. Don haka duk Juma'a bayan masallaci sai in ce wa Hajara zan je sayen albasa. Albasa ta cika mana ɗaki har maƙwabta sun fara rufe ƙofa in sun hango ni. Nakan zauna a bencin mai shayi a mararrabar, ina fuskantar arewa. Tayoyin nan ba su da ƙara, ba a jin zuwanta, sai dai a gani. In mai naƙuda ta riƙe ta, ta yi latti, shayin yakan huce a hannuna. In jan ya ɓullo, takan danna oda sau ɗaya ta wuce, ni kuma in sayi albasa.

Juma'ar da ta wuce ba ta wuce ba, ta tsaya. Ta fito, ta gaishe ni a tsaitsaye kamar da, ta zagaya babur ɗina, ta tsuguna gaban tayar gaba. Ta danna da babban yatsa. Ta bi ta da tafin hannu, sumul kamar kan jariri.

"Baffa, da wagga kake bin motocin siminti duk mako?"

"Ta saba da hanya."

"Ta mutu."

Na ce zan je wurin Mato. Ta ɗago ta dube ni, tabon goshinta yana ƙyalli a rana.

"Gobe da safe," ta ce. "Ni zan zo in kai ka."